Daga Sunke zuwa allon kwamfuta: abin da Python da R ke gyarawa da abin da suke ɓatawa

Na'urar da aka dogara da ita wajen auna dalma a jinin yaran Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a shekarar 2010 ba wata babba ba ce, mutum na iya saka ta a jaka ya hau babur da ita. Sunanta LeadCare II. A ɗiga mata jini, cikin minti uku ta fitar da lamba. Sai dai tana da iyaka, ba ta karanta abin da ya wuce mikirogiram 65 a kowace desilita ta jini. Da zarar ya haura haka sai ta daina ba da lamba, ta nuna alamar cewa abin ya fi ƙarfinta. A wancan lokacin, a Amurka, yaron da ya kai 10 ma hankali na tashi a kansa. A ƙauyukanmu kuwa yara da yawa sun wuce 65 ɗin, wasu sun haura 300, har ta kai ana surka jinin da aka ɗiba don na'urar ta iya karantawa, daga baya a ninka lissafin.

To a ɗauka yau wani matashin jami'in ƙididdiga a Gusau ya sami irin wannan rajista. Ya zuba ta a Power BI, manhajar gina allon bayanai, ya ja layin sakamakon jini, ya ce a ba shi matsakaicin kowane ƙauye. Manhajar za ta ci karo da gurabun da babu lamba a ciki, ta yi masa ƙorafi. Yana gaggawa, maigidansa na jiran rahoto. Ko dai ya share waɗannan gurabun, ko ya cike su da 65. In ya share, ya fitar da yaran da suka fi kowa jin jiki daga lissafi. In ya cike da 65, ya mayar da mai 300 daidai da mai 66. Kowanne ya zaɓa, allon zai fito tsaf da launuka masu ɗaukar ido, kwamishina ya duba ya gyaɗa kai, alhali lambar da ke gabansa ta rage girman masifar. A daidai nan ne ake buƙatar harsunan rubuta umarni irin su Python da R, kuma a kan wannan ne ake ta muhawara tsakanin masu aikin bayanai: shin a cusa su cikin allon, ko a bar su a waje?

Sai an tuna abin da ya faru kafin a gane nauyin tambayar. A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari na-kowa, wato MSF, suka lura yara na ta mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyuka, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Farashin zinare ya haura dala 1,000 kowane oza a kasuwar duniya, jama'a sun koma haƙa, dutsen da ake haƙowa kuma cike yake da dalma. Ana kai shi gida, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Binciken da cibiyar CDC ta Amurka ta yi tare da jami'an Najeriya a ƙauyuka biyu ya shiga gidaje 119, ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. A cikin waɗanda aka auna, kashi 97 cikin ɗari sun kai 45 ko sun wuce, matakin da ake fara ba da maganin fitar da gubar. Yaran da aka rasa gaba ɗaya sun haura 400.

Sunke na cikin ƙauyuka bakwai na farko, tare da Dareta, Abare, Duza da Tungar Daji a Anka, sai 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, da ma'aikatan jiha da mutanen gari, suka kwashe gurɓatacciyar ƙasa gida-gida suka zuba sabuwa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, Sunke da sauran huɗun suka biyo baya zuwa farkon 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kai gare ta, bayan rahoton Human Rights Watch da matsin lambar su Hamzat Lawal na Follow The Money sun sa gwamnatin Jonathan ta saki kuɗi. Rahoton masu aikin ya nuna an share gidaje da wuraren sarrafa dutse 820 a ƙauyuka takwas, matsakaicin dalmar jinin yara kuma ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha.

Babu Power BI a farkon wannan aiki, domin sai a 2015 kamfanin Microsoft ya fito da ita yadda aka san ta yanzu. Amma haƙar zinare ba ta tsaya ba. Gwamnatin tarayya ta haramta ta a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage haramcin a Disamba na 2024, dalmar kuma tana nan a cikin dutsen. Sa ido ya dawo wuyan ma'aikatanmu, kuma kayan aikin da ake koya wa matasa a kowane horo na nazarin bayanai, har da shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, su ne waɗannan: Excel, Power BI, Tableau, Python, wani lokacin R.

Allon bayanai an ƙirƙire shi ne don 'yan kasuwa da bankuna. Manaja na son ya buɗe kwamfuta da safe ya ga cinikin jiya, wane reshe ne ya gaza, wane kaya ne ya kusa ƙarewa. Saboda haka manhajar ta ƙware a tarawa, rabawa, tacewa da zanawa, ba tare da an rubuta komai ba, ja ne da ajiyewa. Asalin nata bai ɓuya ba, domin idan ka jefa mata layin lambobi, abin da take fara yi shi ne ta tara su. Wannan daidai ne ga kuɗin ciniki. Ga sakamakon jini kuwa shirme ne, don jimillar dalmar jinin yaran Sunke ba ta nufin komai. R kuwa masana ƙididdiga ne suka gina shi, Ross Ihaka da Robert Gentleman, a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990. Python ya fito daga hannun Guido van Rossum a 1991, ya zama na masu bayanai sosai bayan Wes McKinney ya fara gina masa kunshin pandas a 2008. A cikinsu mutum yana rubuta abin da yake so a yi layi bayan layi, kwamfuta ta bi. Dukansu kyauta ne. Tableau ta buɗe wa R ƙofa a 2013, ta ƙara da Python a 2016 ta hanyar TabPy. Power BI ta karɓi R tun farkonta, Python kuma a 2018. A Power BI ana iya saka umarnin wajen shigo da bayanai, ko wajen gyara su, ko wajen zana hoton da za a nuna.

Amfanin farko, wanda ba a cika yi masa kirari ba amma shi ne ke cinye yawancin lokacin mai aiki, shi ne wanke bayanai. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar asibitin karkara ya san yadda sunan gari guda ke fitowa da fuska huɗu. Wannan ya rubuta Tungar Daji, wancan Tunga Daji, na uku T/Daji, na huɗu ya haɗe shi ba tazara. 'Yargalma takan zo da ɗigon farko, takan zo babu, takan rabu biyu. A wurin allo waɗannan garuruwa ne daban-daban, sai ka ga ƙauye guda ya tsage gida uku, kowane yanki da 'yan yara kaɗan, babu wanda ya isa ya ja hankali. Ana iya gyarawa da hannu, amma wata mai zuwa sabuwar rajista za ta zo da nata salon. Layuka goma na Python suna iya riƙe jerin sunaye na gaskiya, su mayar da kowane rubutu gidansa, su ware wanda ba su gane ba don mutum ya duba. Sai dai a yi hattara da dabarar nan ta haɗa sunaye masu kama da juna kai tsaye. A yankin da kowace unguwa Tungar wane ce, kwamfuta na iya ganin Tungar Daji da Tungar Guru 'yan uwa ne ta haɗe su, alhali ba ma ƙaramar hukuma ɗaya suke ba. Jerin sunayen dole ɗan ƙasa ya sa masa hannu.

Na biyu shi ne maganar da na fara da ita. Masana ƙididdiga sun daɗe da samar da hanyar lissafa bayanan da aka san sun wuce wata iyaka amma ba a san da nawa ba. Irin lissafin ne da ake yi wa marasa lafiyar da bincike ya ƙare suna raye. R na da kunshin survival da ke yin haka: ka gaya masa wannan yaron 40 ne cif, wancan kuwa 65 ne ko sama, ya ƙiyasta yadda abin yake a garin, ya kuma faɗi iyakar shakkun da ke cikin ƙiyasin. Wannan na ƙarshe ya fi komai muhimmanci a gare ni. Allon bayanai na son lamba guda babba a tsakiya, ba ya son "tsakanin kaza da kaza". Amma ƙauyen da aka auna yara 12 da wanda aka auna 400 bai kamata a yarda da lambobinsu daidai wa daida ba, kuma mai yanke shawarar inda mota za ta nufa gobe yana da haƙƙin ya san haka.

Akwai kuma batun maimaita gwaji. Maganin da aka ba yaran, DMSA, yana janye dalma daga jini ta fita a fitsari. Amma dalma na kwanciya a ƙashi, bayan an gama shan magani sai ta sake tsattsafowa cikin jini, lamba ta koma sama. In kuma yaro ya koma gidan da ba a share ba, ko mahaifinsa na dawowa daga wurin niƙa da ƙura a riga, sai ya sake kwasa. Don haka yaro guda na iya samun gwaji goma a rajista, kuma wanda ya fi rashin lafiya shi ya fi yawan gwaji. Matsakaicin da ba ya la'akari da wannan yana ƙirga yaro ɗaya sau goma. Tambayar da likita ke son amsarta kuma ba "nawa ne matsakaici" ba ce. Yana son ya san waɗanne yara ne lambarsu ke sake hawa fiye da yadda ƙashi kaɗai zai sa, domin a gidajensu ne ake zargin an dawo da dutse. Amsa wannan na buƙatar bin kowane yaro a kan lokaci, a kwatanta shi da kansa, a haɗa da awon ƙasar gidansu. R da Python na yin wannan cikin sauƙi, ja-da-ajiyewa ba ya yi.

Ba lafiya kaɗai ba. Dillalin hatsi a Gummi da ke son hasashen farashin gero bayan kaka, ko jami'in gona da ke son gano sunan da ya fito sau uku a jerin masu karɓar taki, duk hanyar ɗaya ce.

To tunda haka ne, me zai hana a zuba komai cikin allon a huta? Ga abin da masu tallar horo ba sa tsayawa su faɗa. Idan ka buɗe akwatin zanen Python a Power BI ka ja layuka ciki, manhajar tana share layukan da suka yi daidai da juna kafin ta miƙa maka bayanan. Tana rubuta hakan a saman akwatin da ƙananan baƙaƙe, amma wa ke karantawa? A ce ka ja ƙauye, shekaru da sakamako. Yara shida a Sunke, duk 'yan shekara biyu, duk an rubuta musu 65. A wurinta layi ɗaya ne aka maimaita, sai ta bar ɗaya ta zubar da biyar. Shekarun yara a karkara ƙiyasi ake yi, sun taru a biyu da uku, sakamakon masu tsanani kuma ya taru a 65, ka ga sharewar ta fi faɗawa kan waɗanda aka fi damuwa da su. Maganin abu ne mai sauƙi, ka ƙara layin lambar da ta keɓanta da kowane yaro. Wanda bai sani ba kuwa zai zana hoto mai kyau na rabin yaran.

Zanen kuma ba ya ɗaukar fiye da layi 150,000, kuma in lissafi ya wuce minti biyar sai ya yanke. Kada a raina irin wannan iyaka. A watan Oktoba na 2020 Ingila ta gano ta ɓatar da sakamakon masu korona kusan 16,000 saboda fayil na Excel mai tsohon tsari ya cika bai ƙara ɗauka ba. Hoton da Python ya zana a allon ma hoto ne kawai, ba a danna shi ya tace sauran shafin kamar zanen manhajar na asali.

Babbar matsalar a wurinmu ita ce wuta da sadarwa. In ka saka umarnin Python a matakin gyaran bayanai, ka ɗora allon a intanet kana so ya riƙa sabunta kansa, to sai an bar wata kwamfuta a kunne, mai Python a ciki, mai haɗe da intanet a lokacin da sabuntawar ta zo. Tableau ma sai an tanadi wata uwar garke da ke gudanar da TabPy ba dare ba rana. A Legas wannan ƙaramin abu ne. A Zamfara kuwa, inda a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya na jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu wuraren suka shafe makonni da dama ba sabis, tsarin da ya rataya a kan kwamfuta ɗaya mai jiran wuta ba abin dogaro ba ne. Kuma allon da ya daina sabuntawa ba ya ihu, yana nan yana nuna lambobin watan jiya kamar na yau ne. Ga kuɗin lasisi, wanda ya koma dala 14 a wata ga kowane mai amfani da Power BI Pro tun Afrilun 2025. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Sunan yaro da na mahaifinsa da wurin gidansu, a yankin da ake satar mutane, kuma sanin cewa ana sarrafa zinare a gidan, bai kamata ya hau wani allo da ake aika mahaɗinsa a WhatsApp ba.

Sai matsalar mutum ɗaya. Umarnin da aka ɓoye cikin akwatin allo babu mai ganinsa sai wanda ya rubuta. Ranar da ya sami aiki a Abuja, ko kwangilar ƙungiyar da ta kawo shi ta ƙare, an bar ma'aikata da allon da ba wanda ya san cikinsa. Ya lalace, a kira shi a waya, bai ɗauka ba, a koma takarda.

Ra'ayina shi ne allo akushi ne, girki a madafi ake yi. A rubuta umarnin R ko Python a fayil nasa daban, a yi masa bayani layi-layi yadda wani zai karanta ya gane, a ajiye shi inda mutum uku aƙalla ke iya buɗewa. Shi zai ɗebo bayanai daga fom ɗin KoboToolbox ko ODK da ake cikewa a waya ko babu sabis, ko daga DHIS2 da ma'aikatun lafiyarmu suka riga suka saba da ita kuma tana da ƙofar da R da Python ke shiga su ɗiba. Shi zai wanke sunaye, ya yi lissafin masu wuce 65, ya cire duk abin da zai tona asirin yaro, ya fitar da ƙaramin tebur mai tsabta. Wannan teburin kaɗai za a miƙa wa allon. Duk wannan na gudana a kwamfutar tafi-da-gidanka ba tare da intanet ba, in sabis ya dawo a tura. A bar cusa umarni cikin allon ga zanen da manhajar ba ta iya yi da kanta, shi ma bayan an ƙirga layukan da suka shiga an tabbatar sun yi daidai da na rajista.

Akwai abin da babu harshen kwamfutar da zai gyara. Yawancin yaran da suka rasu a farkon 2010 sun tafi kafin a kawo na'urar awo, ba su da layi a kowace rajistar jini. An san da su ne saboda an shiga gida-gida an tambayi iyaye mata, an kuma ga sababbin ƙananan kaburbura. Yau ma akwai ƙauyukan Anka, Bukkuyum da Gummi da ma'aikacin lafiya ba ya iya zuwa saboda tsaro. A taswirar allo irin wannan gari yakan fito fari fat, mai kallo ya ɗauka lafiya ce. Duk allon da za a gina wa wannan yanki ya kamata ya ware launi na musamman ga "ba a je ba", ya kuma rubuta ranar da aka yi awon ƙarshe a kowane gari, da manyan baƙaƙe.

Kayan koyo ba su yi wuya ba. Littafin R na masu binciken annoba da ƙungiyar Applied Epi ta fitar a 2021 kyauta ne, ana iya sauke shi a karanta babu intanet. Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara na yaye ɗaliban lissafi da kimiyyar kwamfuta. Kirana ga ma'aikatar lafiya ta jihar Zamfara shi ne, kafin a sake sa hannu a kan wata kwangilar gina allon bayanai, a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa umarnin da ke bayansa mallakin ma'aikatar ne, za a miƙa shi a buɗe, kuma ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai ma'aikatan jiha biyu sun zauna sun gudanar da shi da hannunsu, sun sami lambar da ke kan allon.